HUKUNCIN MAI ƁOYE DUKIYA DON GUDUN ZAKKA KO HARAJI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai arzuta bayinSa, Wanda Ya san abin da ke cikin rumbu kamar yadda Ya san abin da ke cikin zuciya. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wanga karo ya shafi wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a kasuwanninmu, har wasu suna ƙidaya ta cikin wayon fatauci. Ita ce ɓoye abin da mutum ya samu. Za ka ga ɗan kasuwa da littafi biyu, ɗaya na gaskiya yana ƙarƙashin katifa, ɗaya na nunawa ma'aikatan haraji. Za ka ga mai gidajen haya yana karɓar kuɗi wata-wata, amma a takarda ya ce danginsa ne ke zaune ciki. Wani kuma ya shigo da kaya cike da mota, ya faɗa wa ƴan duwan rabinsu. Abin da ya fi muni, wanda ya saba da wanga aiki wajen hukuma, sau da yawa shi ne yake kai shi har ga zakka.

Muna son mu san hukuncin da ke kan mai yin haka, a fiƙihu da kuma a dokokin hukumomi, da hanyar fita ga wanda ya riga ya faɗa ciki.

NA FARKO: FAƊIN ABIN DA AKA SAMU AMANA CE

Mai karɓar zakka yana iya ƙirga tumaki a bakin rijiya, yana iya ganin dammunan hatsi a gona. Amma zinariya da kuɗi da ribar ciniki, babu mai sanin adadinsu sai mai su. Saboda haka malamai suka raba dukiya biyu: bayyananniya da ɓoyayya. A zamanin Sayyidina Usmanu ɗan Affan (R.A.), da dukiya ta yawaita, an bar wa masu ɓoyayyar dukiya su fitar da zakkarsu da kansu. Ke nan an ɗora lissafin a kan gaskiyar mai dukiya.

Lissafin kuwa sananne ne. Nisabin zinariya dinari 20 ne, wato kimanin giram 85; na azurfa dirhami 200; abin da ake fitarwa kashi 1 cikin 40. A mazhabarmu ta Malikiyya, ɗan kasuwar da kayansa ke shiga suna fita kullum, kamar mai kanti, yana kimanta kayansa sau ɗaya a shekara, ya haɗa da kuɗin da ke hannunsa. Idan jimlar ta kai miliyan 4 na sefa, zakkarsa jika 100 ce. In ya ce wa kansa miliyan 2 ce kawai, babu ɗan adam da zai kama shi, amma jika 50 ta talaka ta zauna cikin dukiyarsa.

Harajin zamani ma a kan wanga tushe aka gina mafi yawansa. Mai dukiya ne ke rubuta abin da ya samu, ya sa hannu, daga baya hukuma ta bincika. Sa hannun nan shaida ce, kuma Musulmi ya san matsayin shaidar zur a addininsa.

NA BIYU: HUKUNCI IRI BIYU A FIƘIHU

Malamai sun yi magana a kan wanda ya hana zakka, suka nuna hukunci biyu ne ke hawa kansa: ɗaya a kan dukiyarsa, ɗaya a kan shi kansa.

Hukuncin dukiya shi ne a karɓi haƙƙin ko yana so ko ba ya so. Shaihu Halilu, mai Muhtasar, wanda ya rasu shekara ta 776 bayan hijira, ya bayyana cewa shugaba yana karɓarta da ƙarfi, ko da sai an kai ga faɗa. Asalin wannan shi ne aikin Sayyidina Abubakar (R.A.) a shekara ta 11 bayan hijira, wato 632, lokacin da wasu ƙabilun Larabawa suka ce za su yi salla amma ba za su ba da zakka ba. Ya yi rantsuwa zai yaƙe su ko da a kan ƴar akuya ce da suka saba bayarwa, kuma sahabbai suka bi shi a kai. Haka nan shuɗewar shekaru ba ta kashe wanga bashi. Wanda ya guje wa mai karɓa shekara uku, ranar da aka same shi sai ya biya na shekarun duka.

Shin ana ƙara masa tara bisa abin da ya hana? Nan malamai suka saɓa. Akwai hadisin Bahzu ɗan Hakim, wanda Ahmad da Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito, mai nuna cewa wanda ya hana zakkar raƙumansa za a karɓe ta tare da rabin dukiyarsa. Imamu Shafi'i ya yi aiki da shi a tsohuwar maganarsa, haka Ishaƙu ɗan Rahawaihi. Mafi yawan malamai, har da Imamu Malik, sun tafi a kan ba a karɓar komai sai zakkar kanta. Duk da haka ninka tara ga mai ganganci ba baƙon abu ba ne a tarihin Musulunci. A cikin Muwaɗɗa an kawo cewa bayin Haɗibu sun saci raƙumar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka yanka; mai ita ya ce kuɗinta dirhami 400 ne, Sayyidina Umaru (R.A.) ya sa Haɗibu ya biya 800, domin ya ga shi ne ke barin su da yunwa.

Hukuncin da ke kan mutum kuwa shi ne ladabtarwa, wadda ake kira ta'aziri. Shari'a ba ta yanke mata adadi ba, an bar ta ga alƙali: tsawatarwa ko ɗauri ko abin da ya ga zai tsawatar da wasu. A nan ne niyya take shigowa. Wanda ya jahilci lissafi, ko ya yi kuskure a ƙirga, ana karantar da shi a karɓi abin da ya rage, ba a ladabtar da shi. Wanda ya sani ya ɓoye, shi ne ake ladabtarwa. Wanda kuwa ya ce zakka ba wajibi ba ce sam, wannan ya ƙaryata abin da aka sani na addini, maganarsa ta koma wani babi mafi tsanani.

Bayan waɗannan akwai na lahira, wanda babu mai kuɓuce masa. Suratu Tauba, aya ta 34 da ta 35, ta yi bayanin masu taskace zinariya da azurfa, yadda za a ƙona su a wuta a yi musu lalas da su a goshi da haƙarƙari da baya. Buhari ya ruwaito cewa dukiyar da ba a fitar wa zakka ba za a mayar da ita maciji mai dafi ya naɗe wuyan mai ita. A Suratul Ƙalami kuma an ba mu labarin masu gonar nan da suka haɗa baki za su yi girbi da sassafe don kada wani miskini ya gan su. Suna barci bala'i ya shafe gonar, suka wayi gari ba su gane ta ba.

NA UKU: DABARA BA TA KAYAR DA HAƘƘI

Wani ba ya ƙin biya a fili, sai ya shirya dukiyarsa yadda lissafi zai faɗi. Shari'a ta riga shi. A takardar zakka da Sayyidina Abubakar ya rubuta wa Anas, wadda Buhari ya ruwaito, an hana a haɗa abin da yake rabe ko a raba abin da yake haɗe don tsoron zakka.

Imamu Malik ya fassara wannan da misali. Mutum uku, kowa na da tumaki 40, kowa tunkiya 1 ke kansa, jimla 3. Da suka ji mai karɓa na tafe sai suka haɗa garke ya zama 120, don a karɓi 1 kawai. Ko kuwa abokan kiwo biyu, kowa na da 101, jimla 202, tumaki 3 ke kansu. Sai suka raba garken don kowa ya ba da 1. Duka biyun an hana. Malamanmu sun ƙara da cewa wanda ya musanya dabbobinsa dab da cikar shekara don gudun zakka, ana karɓar ta gare shi kamar bai musanya ba.

Mai rubuta kantinsa da sunan ƙanensa, da mai raba ciniki ɗaya zuwa sunaye uku don kowane ya zauna ƙasa da haddin haraji, su duba ko ba wanga aiki ne suke yi da sabuwar riga ba.

NA HUƊU: YADDA DOKOKIN HUKUMOMI SUKA TSARA ABIN

Dokokin haraji na zamani su ma sun raba hukuncin gida biyu, kuma niyya ce ke raba su. Na farko tara ce, wadda ma'aikatar haraji ke ɗorawa da kanta. Na biyu hukuncin laifi ne, wanda sai kotu ke yanke shi, kuma yana iya kai mutum gidan kaso. Tunda tsarin harajin ƙasarmu ya samo asali ne daga na Faransa, bari mu duba yadda abin yake can, don mu ga ginin a fili.

A dokar harajin Faransa, wanda ya yi kuskure da kyakkyawar niyya yana biyan abin da ya rage da kuɗin jinkiri. Wanda aka tabbatar da gangan ya rage, ana ƙara masa kashi 40 cikin 100. Wanda ya haɗa da makirci, kamar takardun jabu, ana ƙara masa kashi 80 cikin 100. Ke nan mai gudun biyan yuro dubu 10 zai biya dubu 14 ko dubu 18, ban da kuɗin jinkiri da ke hawa kowane wata. Wannan duka tara ce kawai. Idan aka kai shi kotu, dokar ta tanadi ɗauri har shekara 5 da tarar yuro dubu 500, wato sama da miliyan 300 na sefa. Idan an yi aikin cikin ƙungiya, ko ta hanyar asusun banki a ƙasar waje, ɗaurin na iya kai shekara 7.

Kuma an zartar da ita a kan manya. Jerom Kahuzak ya riƙe muƙamin ministan kasafin kuɗin Faransa daga 2012 zuwa 2013, a lokacin yaƙi da masu gudun haraji na hannunsa. A shekara ta 2013 ya amsa cewa yana da ɓoyayyen asusu a ƙasar waje, bayan ya musanta a gaban majalisa. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke masa shekara 4, biyu daga ciki na jeka-ka-gyara-halinka, da tarar yuro dubu 300, aka kuma hana shi tsayawa zaɓe shekara 5.

A Amurka ma ginin ɗaya ne. Sakaci a lissafi tararsa kashi 20 cikin 100 ce, zamba kuwa kashi 75, kotu kuma na iya ɗaure mai gudun haraji har shekara 5. A 1927 kotun ƙolinsu ta yanke cewa ko kuɗin da aka samu ta haramtacciyar hanya haraji na kansa. Da wannan aka kama Al Kapon, shugaban ƴan ta'addar birnin Shikago, wanda aka daɗe ana zarginsa da kisa da fataucin giya ba a samu mai ba da shaida ba. Littattafan lissafi ne suka tona shi. A 1931 aka yanke masa shekara 11 da tarar dalar Amurka dubu 50.

A nan gida ma ma'aikatar haraji tana da ikon sake lissafin shekarun baya, ta ƙara tara, ta rufe kanti, ta kama dukiya. Ƴan duwan suna kama kayan da ba a bayyana ba. Zamba kuma tana iya kai mutum gaban alƙali. Adadin tara yana canzawa da dokar kasafin kuɗi ta kowace shekara, don haka kowa ya nemi na shekararsa a ofishin harajin garinsa, a rubuce. A kuma lura da abu biyu. Zaman kaso ba ya biyan bashin haraji, mutum zai fito ya tarar da shi yana jiransa. Sa'an nan kuɗin jinkiri ƙari ne a kan bashi saboda lokaci, Musulmi kuwa bai kamata ya jefa kansa inda za a tilasta masa biyan irin wanga ƙari ba.

NA BIYAR: TAMBAYOYI UKU DA AKE YAWAN YI

Tambaya ta farko: na ba da zakka, don me zan biya lampo da patanti? Amsa: zakka ibada ce, Allah Ya yanke adadinta, Ya kuma ambaci mutum takwas da ake ba a Suratu Tauba, aya ta 60. Haraji kuwa na ayyukan jama'a ne, kamar asibiti da makaranta da hanya da tsaron ƙasa. Ɗaya ba ya tsayawa a madadin ɗaya. Wanda ya biya haraji zakka na nan kansa, wanda ya ba da zakka kuma yana bin hanyar da aka shimfiɗa da kuɗin wasu.

Tambaya ta biyu: ashe haraji ba shi ne makasu da hadisi ya zarga ba? Amsa: gaskiya ne, a hadisin Muslim an nuna girman zunubin mai karɓar makasu, wato abin da ake ƙwace wa mutane bisa zalunci. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan zamaninsa a Kitabul Farƙi. Har yau akwai malamai masu ƙyamar wasu nau'o'in haraji saboda wanga dalili. Amma manyan malamai sun bambanta ƙwace da abin da ake ɗorawa don buƙatar jama'a. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan hijira, da Imamu Shaɗibi, Bamalike na Andalus, wanda ya rasu a 790, sun halatta wa shugaba ya ɗora wa mawadata abin da zai isa idan baitulmali ya ƙare kuma buƙata ta tabbata, da sharaɗin adalci. Lokacin da Tatar suka doso Masar, kafin yaƙin Ainu Jaluta na shekara ta 658 bayan hijira, wato 1260, Shaihu Izzuddini ɗan Abdussalam ya ce wa Sarki Ƙuɗuz ba za a taɓa dukiyar talakawa ba sai baitulmali ya ƙare, fadawa kuma sun sayar da kayan adonsu. Ke nan malamai sun halatta harajin, sun kuma ɗaure shugabanni da sharuɗɗa.

Tambaya ta uku: idan ana cin kuɗin, don me zan bayar? Amsa: wanda ya ci dukiyar jama'a zunubinsa na kansa, kuma wajibi ne a faɗa masa gaskiya. Amma mu duba wa ke ɗaukar nauyin abin da babban ɗan kasuwa ya ɓoye. Malamin makaranta ba ya iya ɓoye komai, ana cire nasa tun kafin albashi ya zo hannunsa. Mai sayar da ƙuli-ƙuli tana biyan tikitin kasuwa duk ranar da ta kasa kaya. Ɗan kasuwar da ya biya duwan cikakke, kayansa sun fi na maƙwabcinsa tsada, sai ciniki ya gudu daga mai gaskiya. Idan asusu ya gaza kuma, a kan waɗannan ake ƙarawa. Barawo ya yi sata a gari, ba ya halatta maka ka ɗora kayanka a kan jakin maraya. Kuma ko wane ra'ayi mutum ya bi a kan haraji, rantsuwar ƙarya tana cikin manyan zunubai, takardar jabu kuma ha'inci ce.

NA SHIDA: NASIHA GA MASU KARƁA

Rabin ɓoyon da ake yi, da hannun ma'aikaci ake yin sa. Ana bin mutum jika 500, ya ba ma'aikaci jika 50 a aljihu, a rubuta jika 100. Annabi (S.A.W.) ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓarta. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa. Annabi (S.A.W.) ya hau mumbari ya nuna cewa da ya zauna gidan iyayensa da babu mai kawo masa kyautar, kuma duk wanda ya ɗauki wani abu zai zo da shi a wuyansa ranar ƙiyama. Sayyidina Umaru kuwa yakan bincika dukiyar gwamnoninsa, in ya ga ƙarin da ya yi masa yawa ya raba biyu ya kai rabi baitulmali.

Haka nan da aka aiki Mu'azu ɗan Jabal (R.A.) zuwa Yaman, an gargaɗe shi kada ya zaɓe mafi kyawun dukiyar mutane, kuma ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Ma'aikacin da ke ƙara wa talaka lissafi don ya tsorata shi, ya tuna da wannan.

NA BAKWAI: HANYAR FITA

Wanda ya ga kansa cikin wanga bayani, ƙofar tuba a buɗe take, ga kuma matakanta.

Ya fara da zakka. Ya zauna ya ƙirga shekarun da bai fitar ba ko ya rage, ya kimanta dukiyar kowace shekara iyakar saninsa, ya fitar. In abin ya rikice masa, ya je wurin malami masanin babin.

Ya mayar da littafinsa ɗaya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Wanda bai iya rubutu ba ya sa ɗansa ko amintacce ya riƙa rubuta shiga da fita kullum. Littafin gaskiya shi ne kuma garkuwarsa ranar da aka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Ya je da ƙafarsa ya gyara na hukuma tun ba a zo masa ba. A ko'ina wanda ya kai kansa ya fi samun sauƙi a kan wanda aka kamo, kuma yana iya roƙon a raba masa biyan kashi-kashi.

Kada ya ba da ko dala ɗaya ba tare da takardar shaidar biya ba. Kuɗin da babu takarda ba ya isa asusu.

In ya ga an zalunce shi a lissafi, ya rubuta kukansa ga ma'aikatar, ya nemi ƙungiyar ƴan kasuwarsu ta tsaya masa, in ta kama ya je kotu. Jama'ar da ke biya a fili ita ce ke da bakin tambayar inda kuɗinta ya tafi.

Ya ku ƴan'uwa, mu karanta wa iyalanmu wanga darasi, musamman yaran da muke koya wa ciniki, domin abin da suka ga uba na yi da littafi shi za su yi.

Allah Ya tsarkake dukiyoyinmu, Ya sa albarka a cikin halal ɗinmu, Ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, Ya yafe mana abin da ya wuce. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.